Tsegumin Bakin Murhun Shayi: Abin da Agadas Ba Ta Faɗa wa Baƙo a Kofin Farko

Matso kusa, Malam, ka kuma rage murya, don wanda za mu yi da shi yau ba mutum ɗaya ba ne, gari ne sukutum da hamadarsa.

Duk wanda ya taɓa sauka Agadas ya san shayin Abzin sau uku ake zuba shi. A kofin farko, mai ɗacin nan, labarin kunya ake ba baƙo: ga hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27, ta laka ce zalla, an gina ta wajen 1515, an sake ɗaga ta a 1844, UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013. Duk gaskiya ne, kuma baƙo zai gyaɗa kai ya ɗauki hoto. Amma in ka yi haƙuri har aka kai kofi na uku, gawayi ya fara toka, mai yi wa Turawa jagora ya karɓi kuɗinsa ya tafi, tsofaffin direbobi da 'ya'yan madugai suka sassauta amawali, to a nan ne ake fito da kayan da ba a shanyawa a rana. Ni kuwa, ka san halina, ba na tashi kafin kofi na uku.

Bari mu fara da wanda ya fi ba ni haushi da dariya a lokaci guda, wato direban da ya kaɗe bishiyar Tenere.

Ga wanda bai san wurin ba, in ka bar Agadas ka nufi gabas, hanyar da ayarin gishiri ke bi zuwa Fashi da Bilma, bayan ka wuce duwatsu sai ƙasa ta baje kamar faifai. Ba tudu, ba kwari, ba ciyawar da akuya za ta yi wa kallo na biyu. A tsakiyar wannan fili, sama da kilomita 200 daga gari, akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal, dangin su bagaruwa. Abin da aka saba faɗa shi ne ba ta da 'yar'uwa sai an yi tafiyar kilomita 400. Masu ƙwaƙƙwafi sun zo daga baya sun ce a'a, a rage, wajen 150 ne. To mun ji, a bar shi a 150 ɗin. Saboda kaɗaicinta har a taswirar da ake zana manyan birane da ɗigo, ita ma an ba ta nata ɗigon.

Abzinawa sun ɗauke ta da daraja. Ayari ya zo ya wuce shekara da shekaru, raƙuma dubbai, mutane na fama da sanyin dare, amma ba wanda ya karya reshenta ya dafa shayi, ba wanda ya saki raƙuminsa ya ci ganyenta. Da Faransawa suka haƙa rijiya a gefenta tsakanin 1938 da 1939, sai suka tarar saiwarta ta nutsa ƙasa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Baiwar Allah ta yi abin da za ta iya don ta rayu. Rana ba ta kashe ta ba, iska ba ta kashe ta ba, yunwar raƙumi ba ta kashe ta ba. Mota ce ta kashe ta.

A 1973 wani direban babbar mota, ɗan Libiya, ya zo ya banke ta ta faɗi. Ana cewa ya sha ya yi tatul. Ni dai ban shinshina bakinsa ba, amma ina roƙon Allah ya sa hakan ne, domin in da hankalinsa ya yi wannan aiki, to lamarin ya fi ƙarfin likita. Ka duba fa: dama fili, hagu fili, ko rufe ido ya yi ya saki sitiyari, sai ya yi kwana da kwanaki bai taɓa komai ba. Abu ɗaya ne rak a duniyar da za a iya karo da shi, kuma shi ya samu. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

To ga ɓangaren da masu jagora ba su cika faɗa ba, sai ka matso. Ba shi ne na farko ba. Wani Bafaranshe mai binciken hamada, Henri Lhote, ya ga bishiyar a 1934 da rassanta kore shar. Da ya komo a 1959 sai ya tarar da ita a raunane, ɗaya daga cikin gangar jikinta biyu babu, kuma bayanin da ya samu shi ne wata mota mai zuwa Bilma ce ta buge ta. Wato direbobi biyu daban-daban, a shekaru daban-daban, kowanne ya nemo bishiya guda a cikin teku na rairayi. In ka faɗi wannan a tashar Agadas, 'yan kamasho za su ce maka ai dalili a fili yake: kowa inuwarta yake nufa, kowa ita yake saitawa tun daga nesa don kada ya ɓata, sai birki ya ci amana. Uzuri ne mai kyau. Raƙumi ma ita yake saitawa, bai taɓa tunkuyinta ba.

Ranar 8 ga Nuwamba 1973 aka ɗauko gawarta a mota, abin da ya kashe ta shi ya yi mata makara, aka kai ta gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka gina mata rumfa. A inda take a da kuma aka kafa wata ta ƙarfe, da bututu da tarkacen mota. Ka lura da hikimar: wannan karon duk wanda ya kaɗe ta, shi zai ji a jikinsa.

Yanzu sai mu shiga fada, amma a cire takalmi, kuma abin da zan faɗa da ladabi zan faɗe shi, Allah ya ja zamanin Sarkin Abzin.

Labarin da kowane yaro a Agadas ya sani shi ne, da can ƙabilun Abzinawa sun gaji da faɗa da juna, kowa ya ƙi yarda ɗan wata ƙabila ya shugabance shi. Sai suka haɗa tawaga suka tafi har Santambul, suka roƙi sarkin can ya ba su ɗansa guda ya zo ya yi musu sarauta. Matan sarki 'ya'yan gata kowace ta riƙe nata ɗan, wa zai ba da ɗansa a kai shi inda ruwa ke da farashi? Sai wata ƙwarƙwara ta ba da nata, Yunus. Daga nan gidan ya samo sunan Istambulawa, kuma ana ƙirga hawan Yunus a 1405.

Malaman tarihi, waɗanda ba su iya barin labari mai daɗi ya zauna lafiya, sun ɗaga yatsa sun ce akwai 'yar matsala: a 1405 birnin na hannun Rumawa Kirista, Turkawa ba su ci shi ba sai 1453. Wato tawagar ta riga mai gidan isa gidan da shekara 48. Ni ba na shiga tsakanin fada da jami'a. Abin da ya burge ni a labarin shi ne wayon da ke cikinsa. Mutanen da ke gadon dangantaka ta wajen uwa sun zaɓi sarkin da uwarsa ba ta da dangi a cikinsu, don kada wata ƙabila ta ce ɗanta ne. Sun samo alƙalin da ba shi da kawu. Kuma da yake su suka naɗa, su ke saukewa: in ka bi jerin sarakunan Abzin za ka ga wanda ya hau, ya sauka, ya sake hawa, kamar mai gwada takalmi a kasuwa.

A irin wannan hawa da sauka ne baƙon da ya fi kowa suna a garin ya iso. Har yau akwai gidan da ake nuna wa masu yawon buɗe ido a ce nan Heinrich Barth ya sauka a 1850. Bajamushe ne, gwamnatin Ingila ta aiko, ya raɗa wa kansa Abdulkarim. Ana faɗar iliminsa, kuma ya cancanta, don mutumin ya koyi Hausa tun a hanya, ya rubuta abin da ya gani da adalcin da ba kasafai ake samu wajen Turawan zamaninsa ba. Sai dai akwai abubuwa uku da ba a rubuta a bangon gidan ba, kuma shi da kansa ya tona su, ba ni ba.

Na farko, kayan da suka taso da su daga Tarabulus. Su uku ne, shi da James Richardson shugaban tafiyar, da wani Bajamushen, Adolf Overweg. A cikin lodinsu har da jirgin ruwa. E, ka ji daidai. Kwale-kwale na katako, an yanka shi gida huɗu an ɗora wa raƙuma, za a ratsa Sahara da shi don a je a shiga Tafkin Chadi. Ka sa kanka a matsayin Ba'abzinen da ke zaune bakin rijiya, yana jan guga tun safe don ya shayar da raƙumi biyar, ya ɗaga kai ya ga Nasara uku sun ɓullo daga arewa da jirgin ruwa. Me zai gaya wa matarsa in ya koma tanti? Abin mamakin kuma, jirgin ya isa. Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin a 1851 har ya kai tsibiran Buduma. Raƙuman da suka yi dakon ne dai ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu.

Na biyu, akwatunan ƙarfe. Suna shigowa iyakar Abzin labari ya riga su: ga Nasara ɗauke da akwatuna na ƙarfe masu nauyi, a kulle. Me ake sawa a akwatin ƙarfe in ba zinariya ba? Mahara suka yi ta bin su dare da rana, aka tsare su, aka tatse su kaya masu yawa kafin a bar su su wuce. Da abin ya ishe su sai suka fasa akwati guda a gaban jama'a don kowa ya gani. Biskit ne. Busasshen biskit na guzuri. An yi wa rogo kallon kitse, har an kusa zubar da jini a kansa.

Na uku shi ne wanda nake so. Sun yada zango a Tintellust wajen Annur, babban Kel Owey, sai Barth ya ce shi zai wuce Agadas ya ga sarki. Raƙumansu sun gaji, sai aka kawo masa takarkari. Duk wanda ya taɓa hawan takarkari ya san fatar bayan sa ba ta zama wuri ɗaya, kaya na rawa, mahayi na rawa. Babban malami, mai digirin jami'ar Balin, wakilin Sarauniyar Ingila, ya hau ya daidaita zama, ba a yi nisa ba sai ga shi a ƙasa, shi da kayan gaba ɗaya. Daga ranar ya sallama, ya nemi raƙumi ya biya. Ya shiga Agadas ranar 10 ga Oktoba a kan raƙumi kamar mutumin kirki, kuma na tabbata ya yi fatan labarin san bai riga shi isowa ba. A Abzin kuwa labari ba ya jiran ayari.

Ya ga bikin naɗa Sarki Abdulƙadir, ya gana da shi, ya yi kusan mako uku a gari. Ya kuma tarar da wani basarake mai suna Sarkin Turawa, wanda aikinsa kula da fataken Larabawa ne, don a Hausar wancan zamani Larabawan arewa su ne Turawa. Namu Turawan na yanzu aron sunan suka yi. Sannan ga ɗan abin da zan faɗa a gurguje saboda akwai yara a kusa. Da sarki ya fita yaƙi da rundunarsa, sai wasu 'yan matan gari biyar ko shida suka yi kwalliya da azurfarsu suka je gaishe da baƙo, suka nuna masa cewa tunda mai gari ba ya nan, ai a iya sakin jiki a yi hira. Abdulkarim ya ce shi dai ya kame kansa. Shi ya rubuta littafin, su ba su rubuta nasu ba, don haka sai mu karɓa a yadda ya faɗa.

Akwai wani labarin fada da ake yi wa murmushi, amma rabin murmushi. Lokacin yaƙin duniya na farko, Faransawan da ke barikin Agadas sun sakankance cewa Sarki Tagama nasu ne, suna aika wa manyansu rahoton cewa Abzin lafiya lau. Ashe duk gaisuwar da yake musu da safe, da dare da Kawsan, jagoran masu shirin tawaye, yake magana. Sai a Disamba 1916 suka farka suka ga gari cike da mayaƙa, har da igwa, suka kulle kansu a bariki kusan wata uku. Dariyar a nan ta tsaya. Da dakarun ceto suka iso daga Damagaram a farkon Maris 1917, abin da aka yi wa malamai da talakawan Agadas da Ingal ba abin shayi ba ne, kuma Tagama a kurkukun Damagaram ya rasu a 1920. Allah ya jiƙan su. Mu wuce.

Zamani ya juya, masu jirgin ruwa suka tafi, masu tseren mota suka zo. Ka san yadda aka haifi tseren Paris zuwa Dakar? Ɓata ce ta haife shi. Wani matashin Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a kan babur a hamadar nan a 1977, ana tseren Abijan zuwa Nis, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Ni da kai, in Allah ya fid da mu daga irin wannan, sadaka za mu yi mu rantse ba mu ƙara. Shi kuwa ya koma gida ya ce wurin nan ya yi kyau, bari in kwaso mutane ɗaruruwa su ma su zo su ɓata. Ƙarshen Disamba 1978 aka tashi na farko, kuma Agadas na kan hanya. A 1983 burinsa ya cika: guguwar rairayi ta taso a Tenere, 'yan tsere wajen 40 suka watse kowa ya kama gabansa, ya kwana huɗu yana shawagi a sama yana tattaro su kamar makiyayin da kura ta shiga garkensa. Mutumin dai ya so hamadar da gaske. Da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali a Janairu 1986, a gindin wata bishiyar kaɗaici da ke arewacin Tenere aka watsa tokarsa, kuma ana kiran ta da sunansa. Wannan bishiyar, a iya sanina na masu shayi, direbobi sun yi mata afuwa.

Amma gwarzon ɓata shi ne ɗan gidan Firaministar Ingila. Wannan ba a ƙasar Abzin ya faru ba, can kudancin Aljeriya ne wajen iyakar Mali, sai dai hamada ɗaya ce, kuma tsegumi ba ya neman biza. Janairu 1982, Mark Thatcher, ɗan Margaret Thatcher, ya shiga tseren a mota Peugeot 504, shi da wata direba Bafaranshiya da makaniki. Aikinsa a motar shi ne nuna hanya. Ka riƙe wannan. Motar ta lalace, abokan tafiya suka wuce da niyyar su faɗi inda suke, aka faɗi wurin ba daidai ba, shi ke nan, kwana shida ba su ba labarinsu. Matar da ake kira mai zuciyar ƙarfe, wadda ƙungiyoyin ƙwadago ke jin sunanta su yi shiru, sai ga ta da hawaye a bainar jama'a a Landan. Uwa dai uwa ce, a nan ban ga abin dariya ba. Uban ya hau jirgi ya sauka Tamanrasat, jiragen sama suka bazu, daga ƙarshe jirgin sojan Aljeriya ya hango su wajen kilomita 50 daga hanya.

Shekaru bayan haka shi da bakinsa ya amsa cewa bai yi shirin komai ba kafin ya taso. Madugun Bilma yana kwana yana karanta taurari, yana tuna kowane tudu da kakansa ya nuna masa, shi kuwa ɗan gata ya shigo Sahara kamar mai zuwa cefane. Da aka buɗe takardun gwamnatin Ingila bayan shekara 30, sai aka ga ashe an yi ta rubuce-rubuce a kan wa zai biya kuɗin otal da na abin sha da aka tara wajen murnar ganinsa, har uwar ta zaro kusan fam 1,800 daga aljihunta don kada 'yan adawa su ce talaka ne ya biya.

Kafin in kai ka ga babban, ga wani ɗan ƙarami. Makiyayan yankin Ingal sun daɗe suna ganin wasu manyan ƙasusuwa a cikin dutse, suna ce wa yara na wani dodo ne, Jobar. Masana suka zo daga Shikago ƙarƙashin Paul Sereno, suka haƙa, suka auna, suka yi shekaru suna nazari, sannan a 1999 suka sanar wa duniya sunan dabbar a kimiyyance: Jobaria. Wato bayan duk wahalar, abin da tsohuwa ta faɗa wa jikanta shi aka ƙara wa wutsiya. Akwai kuma wata da aka tono a Gadufawa aka sa mata sunan ƙasar, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500 a baki mai faɗi kamar matsefi, kuma duk ciyawa take ci da su. Na san wasu a ma'aikatu masu irin wannan baki, sai dai su ba ciyawa suke ci ba.

To, gyara zama. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran nauyi, don shi har yaƙi ya shiga cikinsa.

Arewa da Agadas akwai Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Wajen 2001 zuwa 2002 sai wasu takardu suka fara yawo a hannun 'yan leƙen asiri a Turai, ta hanyar Italiya, wai Nijar ta ƙulla cinikin tan 500 na garin yuraniyom da Saddam Husaini na Iraƙi. Kafin nan kuma, a farkon Janairu 2001, ɓarayi sun shiga ofishin jakadancin Nijar a Roma, kuma abin da aka fi lura sun ɗauka har da takardu masu tambari. Kai ma ka iya haɗa biyu da biyu, ni ban ce komai ba.

Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairu 2002 ya bincika. Ya yi kwana takwas yana shan shayi da manya, ka ga shi ya san a kofi na nawa ake samun gaskiya, ya koma ya ce zancen ba shi da tushe. Kowa a Arlit zai iya gaya musu haka kyauta. A wancan lokacin kamfanonin da ke haƙar a hannun Faransawa suke, kowace ganga a ƙirge take, a kan motoci ake jan ta har tashar jirgin ruwan Kwatano. Tan 500 kusan kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ƙasar ke fitarwa a shekara a lokacin. A hanyar da in tayar mota ta fashe da hantsi, kafin la'asar an sani a Tawa, ta yaya jerin motoci irin wannan zai wuce ba wanda ya gani?

Ba a saurare shi ba. Ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce Ingila ta gano Saddam na neman yuraniyom mai yawa daga Afirka. Sai da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya a Biyana, ma'aikatanta suka zauna da su na 'yan sa'o'i, suna duba sunaye a intanet kamar ɗalibai, sai ga abin kunya. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin waje Allele Elhadj Habibou, mutumin da ya bar kujerar tun 1989. Shekara 11 da sauka, amma a takardar yana nan yana aiki. Wata kuma ta kafa hujja da tsarin mulkin da aka daɗe da jingine shi. Sa hannun da aka ce na Shugaba Tandja ne, ko ɗan aji uku da ke satar hannun babansa a katin jarrabawa ya fi su ƙoƙari. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad el-Baradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Bayan kwana 13 aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Ka ga bambancin wannan da na akwatin Barth. Can da aka fasa aka ga biskit, mahara sun ji kunya sun rage zafi. Nan an fasa, an ga biskit, aka ci gaba. Da Wilson ya fito ya faɗi abin da ya gani a jarida a Yuli 2003, sai aka tona cewa matarsa ma'aikaciyar leƙen asiri ce, aikinta ya lalace, rigimar ta kai har kotu ta kama wani babban hadimin mataimakin shugaban ƙasa da laifin ƙarya a 2007. Duk wannan daga takardar da ko magatakardan kantoma ba zai karɓa ba. Shi kuwa tsohon ministan, ban san wanda ya je ya ba shi haƙuri ba, ko ya biya shi albashin shekara 11 da aka ce ya yi yana sa hannu.

Shayi ya ƙare, gawayi ya mutu, ga kiran magariba daga hasumiya. Sauran, irin su abin da ya faru lokacin da mai shirya fina-finai Bertolucci ya zo ɗaukar fim a gidan Sidi Ka, sai wani makon in mai ba ni labarin ya yarda.

Roƙona guda ne gare ku masu karatu, musamman tsofaffin direbobin hanyar Sabha da Dirku. In akwai wanda ya san direban nan na 1973, ko ɗansa, ko yaron motarsa, ya raɗa mini. Na yi alkawari ba zan buga sunansa ba. Tambaya ɗaya kawai nake so a kai masa: da ya hango ta tun daga nesa, ya danna oda ne yana jiran ta kauce?